Don Allah me za mu kira limf nod da Hausa? Gobe da safe za a naɗi shirin

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. An ba ni rubutun wani likita in mayar da shi Hausa don shirin lafiya na rediyo, gobe ƙarfe 9 na safe za a naɗa. Komai ya tafi daidai sai kalma ɗaya da ta tsaya mini a wuya, abin da Turawa ke kira limf nod. Jumlar farko ma cewa take babban mutum yana da su wajen 500 zuwa 600 a jikinsa. A taimaka wa ƙanwarku.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Kaluluwa mana. Shekara da shekaru da ita muke yi wa majinyata bayani.

Mai Fassara: Anti, ita na fara rubutawa, sai na goge. In na ce kowa yana da kaluluwa 600, tsohuwar da ke gaban rediyo cewa za ta yi Allah ya kiyaye, ita lafiyarta ƙalau. Mu ai sai ta fito muke saninta. Ka yi tuntuɓe yatsa ya ruru, bayan kwana biyu ka ji ƙululu a matsematsi, kana tafiya kana ɗingishi. Wannan ita ce kaluluwa a kunnen mutane.

Malam Nahawu: Ta yi gaskiya. Ku lura da aikatau ɗin da ke raka kalmar. Cewa ake yi "ya yi kaluluwa" ko "kaluluwa ta fito masa", kamar yadda ake cewa ya yi maruru. Ba wanda ke cewa ya yi ƙoda ko saifa ta fito masa. Ke nan Bahaushe kumburin ya raɗa wa suna, ba gaɓar ba.

Dakta: Bari in faɗi yadda abin yake, sai ku masu harshe ku yanke. Jini in ya isa ƙananan jijiyoyi, wani ruwa yakan tsattsafo ya shiga tsakanin tsoka. Yawancinsa yana komawa, amma kimanin lita 3 a rana yakan rage. Wasu siraran hanyoyi na daban ne ke kwashe shi su mayar cikin babbar jijiyar jini a gindin wuya. Wannan ruwan shi ne limf. A kan hanyarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu siffar ƙoda, wasu kamar kan allura, wasu sun kai santimita 1 ko 2. Kowanne yana da fatar da ta lulluɓe shi. Ruwa na shiga ta hanyoyi da yawa a bayansa, ya fita ta ɗan loɓar da ke gefe guda, shi ya sa dole ya rage gudu a ciki. A ɓangaren waje akwai dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin B, masu haɗa makaman da ke kama cuta. Ƙasa da su ƙwayoyin T, su ma masu yaƙi da cuta ne. A can tsakiya kuma akwai masu haɗiye ƙwayar cuta da tarkace. In cuta ta shigo, waɗannan ƙwayoyin sai su yi ta ninkuwa, ƙullin ya cika ya kumbura ya yi zafi. Abin da kuke taɓawa a wuya ko hammata ko matsematsi ke nan. Da ma yana nan, ba sabon abu ne ya tsiro ba. Akwai kuma da yawa a ƙirji da ciki da hannu ba ya kai musu.

Baba Mai Kishin Harshe: To, alhamdu lillahi. Dakta ya gama magana bai sani ba. Abu yana karɓar ruwa, yana riƙe datti, yana sakin mai kyau. Sunansa MATATA. Daga tace, a kan tsarin ma'aji da makaranta da masaƙa. Matatar garkuwa, jam'i matatun garkuwa. Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena. Babu aro, babu bara a ƙofar Turawa.

Ɗan Zolaya: Ranka ya daɗe, ke nan gobe mutum zai je asibiti ya ce likita, matata ta kumbura a hammata. Likita ya ce to shigo da ita.

Anti Nas: Kai yaron nan Allah ya shirye ka, na kusa yar da waya.

Baba Mai Kishin Harshe: Wannan shi ne abin da ke kashe mu. Ana maganar ilimi, yaro yana wasa. Karin sautin ba ɗaya ba ne, kuma a rediyo za a faɗa, ba a takarda ba. Kun taɓa jin wanda ya ji matatar mai ya ɗauka aure ake nufi?

Malam Nahawu: A nan Baba yana da hujja, kunne zai bambance. Matsalata daban ce. Ƙoda ma tacewa take yi, saifa ma tana tace jini, hanta ma haka. In ka ce matata, wacce daga ciki? Sannan bayanin Dakta ya nuna tacewar rabin aiki ce. Wurin ya fi kama da shingen bincike da ke da barikin soja a bayansa.

Ustaz: Me zai hana a duba Larabci? Suna cewa uƙda limfawiyya, wato ƙulli. Mun ari alƙalami, mun ari allura, ba wanda ya ce mun yi bara.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, in na ce uƙda sai na sake fassara uƙdar. Minti 12 kacal aka ba mu.

Dakta: Ustaz, ka lura Larabawan ma limf ɗin arowa suka yi. Asalinta Latin ce, ma'anarta ruwa garai-garai, nod kuma ƙulli. Masu Swahili ma limfu suke cewa. Su kansu Turawa sun sha lalube. Sai a 1622 Gaspare Aselli ya ga irin waɗannan hanyoyi a cikin kare, wani farin ruwa kamar madara na gudana a cikinsu. Wajen 1652 zuwa 1653 Thomas Bartholin na Denmak da Olaus Rudbeck na Suwidin suka bayyana tsarin, suka kuma yi ta rigima a kan wa ya riga wani. Ni dai a takarda limf nod nake rubutawa, ɗalibi kuma da shi zai ci jarrabawa.

Baba Mai Kishin Harshe: Ga ta nan. Na san nan za a zo. Ku likitoci kun yi shekara 6 kuna haddar Latin, kun fito ba ku iya gaya wa uwarku abin da ke damunta da harshen da ta raine ku da shi. Sai ku ce Hausa ce ta gaza.

Dakta: Baba, da girmanka, kalmar likita da ka kira ni da ita daga ina ta fito? Asibiti fa?

Baba Mai Kishin Harshe: Waɗancan sun shigo lokacin da ba mu da masana. Yanzu muna da su.

Ɗan Zolaya: Masanan da suka fassara wa wani ɗan ajinmu ƙwayoyin jini farare da "farin jini", ya rubuta cewa mai cutar ƙanjamau farin jininsa ne ke raguwa.

Malam Nahawu: Fararen ƙwayoyin jini ake cewa, wannan an daɗe da gama shi. Kada mu buɗe wani babin.

Anti Nas: Ku bar ni in faɗi abin da nake gani da idona, tunda ni ce ke zama da majinyata bayan Dakta ya wuce. Uwa ta kawo yaro kansa duk ƙuraje, ga 'yan ƙululai a bayan kunne da ƙeya. Na kama yatsanta na ɗora a kai, na ce kin ji tana motsi, kin ga ya zabura da kika danna? Wannan kaluluwa ce mai faɗa da ƙurajen nan, in sun warke za ta sace. Nan take ta gane. Wata kuma ta zo da ƙululu a hammata, tauri kamar dutse, ba ya motsi, ba ya ciwo, wata uku. Ita rashin ciwon ne ya kwantar mata da hankali, ni shi ne ya tayar mini da nawa, don sankarar mama ta nan take fara bi. Da na ce mata matatar garkuwa, wallahi sai ta kalle ni. Kalmar da ke cikin kunnensu ita za ta kawo su da wuri.

Dakta: Wannan shi ne abin da ya kamata shirin ya isar. Wadda ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta sace ba, ko tana ƙara girma, ko ga zufar dare da rama da zazzaɓi, ko ta fito a saman ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, a je a duba. Tarin fuka yana kama na wuya. Akwai kuma sankarar da a cikinsu take farawa, irin wadda Thomas Hodgkin ya bayyana a 1832. Kuma don Allah a ce kada a tsaga.

Malam Nahawu: To ga shawara. Ma'anar kalma tana faɗaɗa, ba haramun ba ne. A bar kaluluwa ta zama sunan gaɓar, kumburin kuma a ce kumburin kaluluwa. Amma dole jumlar farko ta ɗauki nauyin sauyin, in ba haka ba tsohuwar da kika ambata za ta kashe rediyo. Jam'in ne ban natsu da shi ba. Ki kauce masa, ki ce kaluluwa guda kaza.

Mai Fassara: Ku duba wannan. "Kowannenmu an haife shi da kaluluwa, ɗaruruwa ma, a wuya da hammata da matsematsi da cikin ciki. Ba ciwo ba ce. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne da ke tace ruwan jiki, suna tare ƙwayoyin cuta. Sai ta shiga yaƙi take kumbura har mu ji ta." Ya yi?

Anti Nas: Ya yi, ƙanwata.

Dakta: Ruwan jiki ya yi faɗi da yawa, gumi ma ruwan jiki ne. Ki ce ruwan limf ko sau ɗaya ne.

Baba Mai Kishin Harshe: Limf ba ta zauna a bakin Bahaushe ba, ba ma rufe kalma da baƙaƙe biyu. In dole sai an ara, a ce limfi. Kuma na ga kin sa "tace" a ciki. Ku kira ta abin da kuka ga dama, ni a littafina matata ce.

Mai Fassara: Na gode Baba, na gode kowa. Na sa limfi sau ɗaya, sauran na bar ruwan jiki. Dakta ka yi haƙuri, dare ya yi, ga shafi uku ban taɓa ba.

Ɗan Zolaya: Baba a gaida matata.