Injin 505 zai zauna a 504 ɗin mahaifina?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wajen masu sanin Peugeot. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana 504 wagon, haɗin Kaduna. Da ita ya yi shekara da shekaru yana kai fasinja kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma da ita aka ɗauko amaryata. Da damina lagireta ta tsiyaye a hanya, ƙanena bai lura ba, ya ci gaba da tafiya har injin ya buga. Tun lokacin tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Masu sayen ƙarfe sun zo sau biyu na sallame su.

To akwai wani dattijo a ƙauyen da ke gaba da mu, yana da 505 salun da ta yi hatsari shekara uku da suka wuce. Ta baya aka buge ta, gaban bai taɓu ba. Ya ce in ɗauke ta gaba ɗaya. Tambayata: injin zai zauna a tawa? Giyar fa, tunda tasa mai biyar ce, tawa mai huɗu? Bakanikenmu ya ce har farfela (sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya) da aksul na baya zai juye, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Bakanike daga Gumel:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Malam, fara buɗe bonet ka ga wane inji ne, don 505 ba inji ɗaya gare ta ba. In mai kafireta ne, wanda ya kwanta gefe guda kamar naka, to galibi injin XN1 ne mai 1971cc, shi ne dai na 504 mai lita biyu. Wannan zai zauna. In kuwa irin na GTI ne mai 2165cc, wanda ba shi da kafireta, ka bar musu kayansu, wani gidan ne daban, kuma wayarin ɗinsa kaɗai zai sa ka yi da-na-sani.

Ko da ya dace, kada ka yar da komai na tsohon injin. Mawuntin, tukunyar baƙin mai ta ƙasa, bakin salansa, duk a ajiye su a gefe, domin sau da yawa naka za a mayar kafin ya zauna daidai.

Maganar aksul kuwa, ka gaishe min da bakaniken naku, amma bai duba ƙarƙashin motocin ba. Wagon aksul ɗinta sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya, saboda kaya aka yi ta. 505 salun kowace tayar baya da hannunta take tafiya. Ba sa shiga juna. Farfela ma a cikin bututu take, daga giya har baya, ba a rage ta yadda aka ga dama. In kana son giya mai biyar, a sauke biyun a jera a ƙasa a auna da tef. In tsawonsu ya bambanta, riƙe mai huɗunka. A kan hanyar burji da buhun gero shida a baya, ina za ka sa giya ta biyar?

Motar da ta yi shekara uku a ajiye kuma, kada a sa mata batir a murza. A cire fulogai, a ɗiga mai a kowace silinda ya kwana biyu, sannan a juya injin da sifana a hankali. A zare ma'aunin baƙin mai: in ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga.

Tsohon direban Wudil:
Ɗana, ni da wata shawarar nake zuwa. Wa ya ce maka injin Baba ya mutu? Injin Peugeot silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai da kawowa a ciki, zarewa ake yi. In bulok bai tsage ba, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo fistin da silib da ringi da metal, a kai karanshaf a gyara, a duba tof, wato murfin saman inji, ko zafi ya lanƙwasa shi. Sau biyu na yi wa tawa haka. Ka sani dai, in an ɗaga tof kada kowa ya juya injin sai an danne silib ɗin, in ba haka ba ruwa zai riƙa sauka cikin mai. Ita 505 ɗin ka saye ta in da hali, kafireta da kik da altaneta duk za su yi maka rana.

Malamin makaranta, Taura:
Kada a manta da takardu. Lambar inji tana rubuce a takardun mota. A rubuta yarjejeniyar ciniki da dattijon a gaban mai unguwa da shaidu, da lambar injin a ciki, sannan ka je ofishin lasin a gyara.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri. Na je da safen nan, mai kafireta ne, kuma ya juya da sifana. Baba direba, maganarka ta shige ni. Ranar Asabar za mu sauke injinmu mu duba bulok ɗin tukuna. Wa ya san mai gyaran karanshaf na kirki a Kano?