Kowace shekara karatuna yana tsayawa a Littafin Firistoci, addu'ata kuma ta bushe

Telan Kakuri ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni tela ne a Kaduna, ina da mata da 'ya'ya biyu, da yaran shago uku masu koyon aiki a hannuna. A gidan masu bi aka haife ni, a wani ƙauye kusa da Zonkwa, aka yi mini baftisma ina saurayi, har yanzu kuma ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta sashen Hausa. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke tambaya.

Duk watan Janairu nakan ɗaura niyyar karanta Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Farawa ba ta ba ni wahala, labarin Yusufu ma da ƙyar nake ajiye shi. Fitowa haka nan, har wurin da ake lissafin labulen alfarwa da tsawonsu da faɗinsu, domin awo aikina ne. Amma da na shiga Littafin Firistoci, aka fara maganar kitse da ƙoda da jini da kuturta a jikin bango, sai jikina ya mutu. Kafin in farga ɗinkin Ista ya taso, atamfofin anko sun cika tebur, ina kwana a kan keke. Shi ke nan, Littafin ya koma na ranar Lahadi kawai.

Addu'a ce ta fi damuna. Ina durƙusawa, ba na fashi, amma kalmomin ba sa canzawa: na gode da ka tashe mu lafiya, ka tsare yara, ka kawo kasuwa, amin. Bakina yana magana, zuciyata tana kan shaddar da ban yanka ba. In kuma a waya na buɗe Littafin, kafin in gama aya biyar saƙon kwastoma ya shigo, tana tambaya ko an gama rigarta.

Marigayi babana manomi ne, iyakar karatunsa ajin yamma na mishan. Yana da tsohon Littafi mai baƙin bango, da asuba yakan bi layi da yatsa, yana furta kalma ɗaya-ɗaya a hankali. Mutanen ƙauye, har waɗanda ba sa zuwa sujada, wurinsa suke kawo ajiyar kuɗi da rikicin gona. Ni na fi shi boko nesa, a wayata akwai fassara iri-iri, amma abin da yake da shi ba ni da shi. Yaya mutum yake girma cikin bangaskiya a irin wannan sana'a tamu? In tsallake Firistoci ne? Kuma me ake yi da addu'ar da ta bushe?

Maman Biyu ta amsa:

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni hatsi nake sayarwa a Jos, kuma sai da na yi aure na haifi 'yan biyuna kafin na koyi karatu, a ajin da Zumuntar Mata suka buɗe mana. Saboda haka ba ni da saurin karatu, kuma na gane rashin saurin nan alheri ne.

Ka ajiye wayar nan tukuna. Ka nemi Littafi na takarda ka bar shi a shago, a kan teburin yanka, inda hannunka zai fara taɓa shi kafin almakashi. Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, kuma Yesu yana ta tafiya yana aiki a cikinta, ba za ka yi gyangyaɗi ba. Kada ka ce sai ka gama sura. Labari ɗaya ya isa: kuturun da ya durƙusa, ko shanyayyen da abokansa suka zuraro ta rufin ɗaki, ko matar da ta taɓa rigarsa cikin taro. Ka karanta da murya yadda kunnenka zai ji. Abin da babanka yake yi ke nan, ba wani asiri ba ne.

Ni in na karanta, sai in ɗauki aya ɗaya in tafi da ita kasuwa. Ina auna masara ina juya ta a zuciya. Wani lokaci kafin azahar na manta ta, sai in sake buɗewa. Da yamma in tambayi yara me suka fahimta, su ma su tambaye ni. Addu'ata kuma daga cikin abin da na karanta take fitowa. Ranar da na karanta labarin shanyayye, sai na yi addu'a domin maƙwabciyata da ke kwance, na kuma roƙi Ubangiji ya sa in zama cikin masu ɗaukar tabarmarta. Da la'asar na kai mata kunu. Gwada haka ka gani, kalmomin addu'arka za su canza da kansu.

Dattijo daga Biliri ya amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka fito ka tambaya. Na yi aikin bishara a ƙauyuka har ƙarfina ya ƙare, kuma mutane da yawa sun kawo mini wannan kuka game da Firistoci. Shawarar Maman Biyu mai kyau ce, ka fara da Markus. Amma kada ka yi sallama da Firistoci, domin kai musamman akwai saƙonka a ciki.

Littafin sura 27 ne. Bakwai na farko su ne na hadayu, nan ne yawancin mutane suke zubewa. Kada ka karanta su su kaɗai. Ka buɗe Ibraniyawa sura 9 da 10 a gefe, ka riƙa duba nan kana duba can. Sa'ad da ka kai sura 16, inda babban firist yake shiga Wuri Mafi Tsarki sau ɗaya a shekara da jinin dabba, Ibraniyawa za ta nuna maka Almasihu yana shiga sau ɗaya tak da nasa jinin. Daga ranar da na ga wannan, ban ƙara karɓar Jibin Ubangiji da sakaci ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi a daren yau. Ka tsallaka zuwa sura 19 ka karanta ta duka. A nan Allah ya ce manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, ya bar wa matalauci da baƙo su yi kala, dokar da ta ciyar da Rut a gonar Bo'aza. A aya 13 ya ce kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka. A aya 14 ya hana zagin kurma, mutumin da ba zai ma ji ba balle ya rama. Aya 32 ta ce ka miƙe wa mai furfura. Aya 35 da 36 kuwa maganar awo ce, na tsawo da na nauyi da na mudu, kai da Maman Biyu duk ta haɗa ku. A tsakiyar waɗannan abubuwa na gona da kasuwa ne umarnin ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka yake zaune, a aya 18, wanda Yesu ya ɗauko a Markus 12 ya ce shi ne na biyu a girma. Bayan haka ka koma farkon sura 6, ka ga abin da aka ce game da wanda aka ba amana ya ci: zai mayar, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Mayarwa ce ta fara zuwa. Duk yadin da aka kawo shagonka amana ce, ɗana.

Ka ce babanka yana da abin da ba ka da shi. Littafin nan mai baƙin bango da ka kwatanta, irinsa muka tashi da shi, fassarar 1932 wadda Likita Miller na Zariya ya yi aiki a kanta tare da wasu. A cikinta ne ake cewa Yohanna da Misalai da Kubawar Shari'a, inda fassarar 1979 ta ce Yahaya da Karin Magana da Maimaitawar Shari'a. Hausarta tana da nauyi ga yaran yanzu, ka karanta wadda kake ganewa. Iyayenmu na wancan zamani kaɗan suke karantawa, amma abin da suka karanta da safe shi suke yi da rana. Shi ya sa aka kai wa babanka ajiya. Yakubu 1:22 ta riga ta gargaɗe mu a kan masu ji kawai, da ke ruɗin kansu.

Ma'aikaciyar Jinya, Maradi, ta amsa:

Yayana, ni a kan addu'ar zan yi magana, domin na san wannan bushewar. Aikin dare nake yi sau da yawa. An sha gaya mini cewa mai bi na ƙwarai da asuba yake tashi, ana kawo Markus 1:35, inda Yesu ya fita tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa. Gaskiya ne ya yi haka. Amma Luka 6:12 ta ce ya kwana yana addu'a a kan dutse, wani lokacin kuma da yamma ne bayan ya sallami taro. Ni asubata lokacin miƙa aiki ce, idona ba ya buɗuwa sosai. Lokacina da Ubangiji shi ne tsakar dare, bayan na gama zagayen magani, ɗakin ya yi tsit. Kai ma ka duba ranarka da gaske. Wataƙila naka lokacin shi ne sa'ad da aka ɗauke wuta, keke ya tsaya, yara sun tafi cin abinci.

Akwai wata shekara da yara suka yi ta mutuwa a hannunmu da damina, zazzaɓin cizon sauro da rashin jini. Na kasa addu'a gaba ɗaya. In na buɗe baki ba abin da ke fitowa. Abin da ya riƙe ni Zabura ce. Na riƙa karanta ta 13 da ta 42 a matsayin addu'ata, ina sa sunan yaron da ke gadon a wurin da mai zabura ya ce "ni". Na kuma tarar da ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ta juya zuwa yabo ba ko kaɗan, amma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Wannan ya ba ni izini in gaya masa gaskiyar halina. Romawa 8:26 kuma ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa.

Game da shaddar da ke shigo maka cikin addu'a, kada ka yi ta kokawa da ita. Ka kawo ta gaban Ubangiji. Mai ita wane ne? Bikin me zai je? Ka yi masa addu'a da sunansa, ka roƙi hannu mai kyau wajen yanka, sannan ka ci gaba.

Matashi daga Kagoro ya amsa:

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Baba Dattijo, a gafarce ni, ina so in ƙara abu ɗaya. Karatu kaɗan-kaɗan yana da kyau, amma kada yayanmu ya saki niyyar karanta Littafin duka. Wanda bai taɓa bi ta Sarakuna ba zai sha wuya a Ishaya da Irmiya, domin bai san sarakunan da ake yi wa magana ba. Surori 1,189 ne gaba ɗaya. Uku kowace rana, biyar ranar Lahadi, shekara ɗaya ta isa. Kuma akwai Littafin da aka karanta da murya cikin Hausa, ana sauke shi a waya. Tela hannunsa da idonsa ne suke aiki, kunnensa yana zaune. Yaya, ka sa shi lokacin guga ko sa maɓalli, yaran shago ma su ji.

Dattijo daga Biliri ya sake amsawa:

Madalla, ɗana na Kagoro, ba mu saɓa ba. Ya saurari mai yawa da rana, ya tauna kaɗan da safe. Sai dai kada lissafin surori ya zama masa bulala, har ranar da ya rasa ya ji kunyar dawowa.

Telan Kakuri ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba, Mama, da ku 'yan'uwana. Na karanta sura 19 a daren da Baba ya ce, na kuma karanta farkon sura 6, barci bai zo da wuri ba. A sana'armu in an kawo yadi shida aka yi ɗinki da biyar da rabi, ragowar takan zauna a shago, a haɗa ta da wasu a yi wa yara riga ko a yi aljihu da ita. Haka na tarar ana yi, haka maigidana ya yi, ba wanda yake kiransa da wani suna. Washegari wata mata ta zo karɓar atamfarta, na naɗe ragowar na sa mata a leda. Ta buɗe, ta dube ni, ta ce tun da take kai ɗinki ba a taɓa mayar mata da ƙyalle ba. Babban yaron shagona yana tsaye yana kallo, bayan ta tafi ya tambaye ni dalili, sai muka buɗe wurin muka karanta tare. Yanzu Littafin yana kan teburin yanka kamar yadda Mama ta ce, mun kai Markus sura 2.

'Yar'uwata ta Maradi, na karanta Zabura 13 a durƙushe lokacin da aka ɗauke wuta. Gajeriya ce, amma na daɗe a kanta.

Baba, aya 13 ce ta tsaya mini. Yaran shagona ba albashi nake ba su ba, koyo suke yi, iyayensu ne ma suka biya kuɗin koyo. Nakan ba su na abinci da na mota, in an yi ɗinkin biki kuma in ƙara musu wani abu, amma sai ranar da kwastoma ta cika kuɗi, wani lokacin bayan mako biyu. A lokacin Kirsimeti kuwa tare muke kwana a shago. Shin su ma suna cikin ma'aikatan da ayar take nufi? In haka ne, yaya zan yi a ranar da ni kaina ba a biya ni ba?