Namun daji na shigo mana lambu, kare ya kumbura ido, kyanwa ta ƙi zuwa wajen tankin ruwa

Mai tambaya, uwargida daga Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawararku, abin ya fara hana ni barci.

Shekara biyu ke nan da muka tare a gidanmu da ke tsallaken kogin Kaduna, wajen Danhonu. Filayen hagu da bayanmu ba a gina su ba, ciyawa har ƙugu. A bayan gida na yi ɗan lambu: gwaba biyu, gwanda, zogale, yakuwa da alayyafo. Akurkin kaji na gefe, sai tankin ruwa da famfonsa ke ɗiga dare da rana. Muna da karen gadi, Duna, da kyanwar da 'yata ta raina tun idonta bai buɗe ba.

Tun da ruwa ya fara ɗaukewa baƙi suka yawaita. Wani ƙaton guza yana haurowa ta magudanar ruwa, sau biyu na same shi a akurki, ƙwai sun ragu. Bushiya biyu na zuwa bayan isha'i. Jemagu kuma sun sa gwaba a gaba, da safe sai dai mu share guntattaki. Gafiya ta yi rami a gindin katanga.

Duna kwana yake yana haushi. In bushiya ce sai ya yi ta juya ta da ƙafa yana kuka, hancinsa duk ya sha ƙaya. Guza kuwa ya taɓa zabga masa wutsiya, tun daga nan daga nesa yake masa haushi. Amma shekaranjiya da asuba na ji wani irin haushi da ban saba ji ba, ba tsayawa, sai kuma ƙara. Da gari ya waye na ga idonsa na dama a rufe, ya kumbura, hawaye na zuba, yana ta goga shi da ƙasa. A bayan tanki muka tsinci saɓar maciji doguwa. Kyanwar da ke yini a wajen, yanzu ko da kifi ka kira ta ba ta zuwa. In ta doshi wurin sai gashin bayanta ya tashi ta dawo da gudu.

Baban yara ya ce zai sayo guba ya zuba a ƙwai da kan kifi a ajiye a lambun, kowa ya ci ya mutu mu huta, sannan a cinna wa ciyawar filin wuta. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Ina da yaro ɗan shekara uku da ke wasa a wajen. Me zan yi wa idon karen? Kuma yaya zan raba gidana da waɗannan halittu?

Likitan dabbobi, daga Bukuru:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da ido, don shi ne ba ya jira.

Yadda kika kwatanta, alamu sun nuna gamsheƙa ce ta tofa masa dafi. Ita ba sai ta sari abu ba; in aka matsa mata takan fasa kai ta feso dafi, kuma ido take nufa, daga tazarar da ta kai mita biyu. Kare shi ya fi shan wannan wahala saboda yana tsayawa gaba da gaba yana haushi. Yanzu, kafin ki gama karanta sauran amsoshi, a sami mutum biyu: ɗaya ya riƙe shi, a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi don zafi na sa kare ya ciji mai shi, ɗaya ya buɗe fatar idon ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta da buta, minti 15 zuwa 20. An makara da kwana biyu, amma har yanzu yana da amfani. Kada a sa kwalli, kada a sa ruwan ganye, kada kuma a ɗiga maganin idon mutane da aka tsinta a gida, domin wasu na ɗauke da sinadarin da ke ƙara zurfafa gyambo in baƙin idon ya ƙuje. A kai shi asibitin dabbobi yau. Akwai wani rini da muke ɗigawa ya nuna ko akwai gyambo. In abin ya fi ƙarfin na kusa da ku, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya bai yi muku nisa ba. A kuma duba jikinsa, fuska da ƙafafun gaba, ko akwai kumburi ko huda biyu.

Batun guba, ina roƙon maigida ya janye. Wanda zai fara cin ƙwan nan Duna ne, ba guza ba. Ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yakan yi ta layi a tsakar gida, kyanwa ta kama shi cikin sauƙi, ita ma ta kwanta. Na karɓi irin waɗannan da yawa, kuma galibi ana kawo su ne bayan jini ya riga ya ɓalle musu a ciki. Gamsheƙar da ake tsoro kuwa da wuya ta kula kan kifi. Ga kuma yaro ɗan shekara uku da komai bakinsa yake kaiwa.

Tambayata gare ki: an yi wa karen da kyanwar allurar rigakafin ciwon hauka? Ana fara ta tun dabba na wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma a nan Vom ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da aka kafa tun 1924. Wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a duniya duk shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana ba a tashi. Dabbar da ke kokawa da namun daji da dare ba a wasa da allurarta. Jemage da ya faɗo ƙasa kada a bar kare ko yaro su taɓa shi. A jikin irin waɗannan jemagu masu cin 'ya'yan itace aka gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta hauka a Legas a 1956. Gwabar da suka gatsa a zubar.

Abu biyu game da kyanwa, tunda bushiya na yawo da kaska da ƙuma: kada a shafa mata maganin kaskar kare, wasu irinsa na sa kyanwa farfaɗiya har ta mutu. Kuma ko ƙwayar farasitamol ɗaya kada a ba ta.

Wani magidanci, daga Rigasa:

Ni dai ina bayan maigida. Maciji a gida mai ƙaramin yaro, ana wani dogon bayani? A kira maharba su zagaye filin, guza ma akwai masu cinsa. A watsa fiya-fiya da baƙin mai a gindin katanga. Ran ɗan Adam ya fi na dabba.

Baba manomi, daga Giwa:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Malam na Rigasa, ba wanda ya ce ran yaro bai fi ba, amma ka kashe wannan, wani zai zo, muddin abin da ya kira shi na nan.

Ki duba gidanki da idon dabba. Rani ya doso, ruwan daji na ƙafewa, ke kuma kina da famfo mai ɗiga. Ruwa ya kawo kwaɗi. Dusar kaji da ragowar tuwon kare sun kawo ɓera da gafiya. Gamsheƙa kuwa abincinta ke nan, kwaɗo da ɓera da 'yan tsaki. Guza ƙwai ya biyo. Ba wanda ya zo don ku a cikinsu.

To a gyara famfo yau. A daina barin kwanon Duna a waje da dare. Dusa a sa ta a durom mai murfi. Ƙwai a kwashe kafin la'asar, akurki a ɗaga shi daga ƙasa a zagaye da waya mai ƙananan idanu, wadda yatsa ba ya shiga. Bakin magudanar ruwa a sa masa raga ta ƙarfe. Ramin gafiya a toshe da duwatsu da siminti, don ramin da gafiya ta bari maciji ke gada. In akwai tarin bulo ko itace ko tsohon kwano a bayan tankin, a kwashe da rana tsaka, da doguwar sanda da takalmin roba mai tsawo, ba da hannu tsirara ba.

Wuta kuma kul. Mun sha gani a ƙauye: ranar da aka ƙona daji, ranar ake samun macizai a ɗakuna, don inda ba wuta suke gudu, gidanku ke nan. A yi yanka da adda, a fara daga jikin katangarku a nufi waje, abin da ke ciki ya gudu gaba. Ko taku goma aka share ya isa, maciji ba ya son ratsa fili fetal saboda shaho.

Bushiya ki bar ta. Kyankyasai da gara da katantanwa take ci, aiki take miki kyauta. Yaran unguwa ma kada ki bari su kama ta.

Ma'aikaciyar jinya, daga Gombe:

Yaya, ni ta mutane zan yi magana. Mu nan muna da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, kuma yawancin waɗanda ake kaiwa kububuwa ce ta sare su, wadda ake ce wa gobe da nisa. Ƙarama ce, launin ƙasa, ba ta gudu kamar gamsheƙa, sai an taka ta. Dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari.

Ki gaya wa kowa a gidan, har mai aiki: in Allah ya kawo tsautsayi, ba ɗauri da igiya, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai asibiti, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa. Tun yanzu ku tambaya wane asibiti ne kusa da ku ke ajiye allurar kashe dafi, don ba ko'ina ake samu ba, kuma ba a tsakar dare ake fara nema ba. In dafi ya shiga idon mutum, wankin da Likita ya faɗa shi ne dai. Yaron kada ya fita lambu bayan magariba, kuma a sa fitila a bayan gida.

Gafiya da ɓeraye ma ki ɗauke su da muhimmanci, lokacin zazzaɓin Lassa ne muke shiga. A rufe abinci, a daina shanya a ƙasa.

Wata 'yar'uwa, daga Ingila:

Allah sarki, kin tuna min gida. Mu nan yanyawa ce ke shigowa lambu, tana yage ledar shara, kyanwata na kallonta ta taga tana gurnani. Bushiya kuwa lallaɓa ta ake yi don ta yi ƙaranci, har huda suke yi a gindin shinge, kamar santimita 13, don ta riƙa wucewa gida zuwa gida. Abin da na koya: ba a ba ta madara, zawo take sa ta. Kyanwata dai da magariba nake rufe ta a ciki, tun daga nan hankalina ya kwanta.

Malama, daga Tudun Wada:

Ƙanwata, kada ki tilasta wa kyanwar nan zuwa bayan tanki. Abin da hancinta ya ji ke ba ki ji ba, ki ɗauka tana gaya miki abin na nan kusa. Shi ma Duna, tunda har kin iya bambance haushinsa, ki riƙe wannan. Ranar da kika sake jin irin na asubar nan, kira shi za ki yi ki rufe, ba zuga shi ba, kuma kada kowa ya fita da tocila yana leƙe.

Ta fuskar addini, abin da ke cutarwa an halatta kawar da shi, gamsheƙa a gida mai yara ba abin zama da ita ba ce. Amma guba da ke kashe mai laifi da marar laifi, da ƙona rai da wuta, waɗannan ki tunatar da maigida cikin ladabi. Ki nuna masa amsar Likita, maza sun fi jin magana in ta fito daga masani.

Magidancin Rigasa:

Na ji batun guba, na janye. Amma tafarnuwa da baƙin mai fa, Likita? Iyayenmu sun yi.

Likitan dabbobi:

Malam, ban ga sun hana maciji shiga inda yake jin warin ɓera ba. Baƙin mai lalata mata ƙasar lambu zai yi, fiya-fiya kuma kaji da kyanwa zai fara kwantarwa. Kuɗin a sayi raga da siminti. In an ga gamsheƙar ido da ido, a ja baya, a kira wanda ya iya kamu, kada a yi jifa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun wanke idon, mun kai shi asibiti da hantsi. An ɗiga rinin, an ce akwai ɗan gyambo amma bai yi zurfi ba, an ba mu man shafawa sau huɗu a rana, an sa masa wata roba a wuya don ya daina sosawa. Babu sara a jikinsa, alhamdu lillahi. Allurar hauka kuwa, Likita, ta Duna ta wuce da wata bakwai, kyanwar ba a taɓa yi mata ba. An yi mata yau, shi an ce sai idon ya lafa.

Baban yara ya karanta amsoshinku har sau biyu, ya fasa gubar. Mai gyaran famfo ya zo. Da aka kwashe bulon bayan tanki ba a ga macijin ba, sai kwaɗi sun fi goma a laɓe cikin danshi. Gobe masu yankan ciyawa za su zo, na gaya musu daga katanga za su fara kamar yadda Baba ya ce.

Saura guza. Yau ma na gan shi kwance a kan katanga yana shan hantsi, kyanwa na kallonsa ta bayan labule. Baba, in an sa ragar a magudana, ba zai hauro ta reshen gwabar da ya leƙa waje ba? In sare reshen, ko in jira in gani?

Baba manomi:

Sare shi, 'yata, guza gwanin hawa ne. Ki bar tazarar kamu biyu tsakanin reshe da katanga. Ya zo sau uku bai sami ƙwai ba, zai koma bakin kogi.