Na zana hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, amma ta ƙi fitowa a na'urar GPS ta kekena

Ɗan Gesse ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka saba da ƙananan na'urorin GPS ɗin nan da ake ɗaurawa a kan keke. Tawa Garmin Edge 530 ce, 'yar gwanjo, yayana ne ya aiko mini daga Ingila. Gudu da nisa da lokaci duk tana nunawa lafiya lau. Sa mata hanya ne ya gagare ni.

Ni da abokaina muna shirin hawa daga Birnin Kebbi zuwa Argungu cikin hunturun nan. Ba ma son bin kwalta har ƙarshe saboda tireloli da gudun motocin haya. So muke in mun kai Ambursa mu gangara ta Zauro, mu bi gefen fadama, mu ɓullo wajen Matan Fada. Na zauna a kwamfuta na zana hanyar, na sauke fayil ɗin GPX, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zanen hanyar, na jona na'urar da kebul, na ga wata folda mai suna Courses, na zuba shi ciki. Da na cire na duba, wayam. Abu na biyu, in na buɗe taswira sai in ga allo fari fat, daga ɗan kibiyar da ke nuna inda nake sai wani layi guda can gefe. Me ya rage in yi?

Mai Gyaran Waya, Jega:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na'urarka lafiyarta ƙalau, wurin ajiyar ne za ka canza. Cikin babbar foldar Garmin akwai wata ƙarama mai suna NewFiles, nan ake zuba fayil ɗin hanya, GPX ko TCX. Ita Courses, abin da na'urar ta riga ta sarrafa ta mayar FIT, wato tsarin fayil na Garmin, kawai take karantawa daga can. Ka kwashe fayil ɗin ka kai NewFiles, ka fitar da na'urar daga kwamfuta yadda ake fitar da filash, kada ka fizge kebul. Ka bar ta ta kunna kanta, ka ba ta ɗan lokaci. Sai ka shiga Navigation, ka shiga Courses, za ka tarar da hanyar. In ka sake jonawa ka ga NewFiles babu komai, kada hankalinka ya tashi, alama ce ta karɓa.

Ga masu karatu da ba su da kwamfuta: waya ma ta isa. Ko ta WhatsApp aka turo maka GPX, danna shi, ka zaɓi buɗewa da manhajar Garmin Connect, ka ajiye, sannan ka tura wa na'urar ta Bluetooth. A nan ne kawai ake buƙatar data. In hanya ta shiga, ko sabis ya ɗauke gaba ɗaya babu ruwanta, da tauraron ɗan'adam take magana kai tsaye.

Wanda kuma ya jona kwamfuta ta ƙi ganin na'urar, ya fara zargin kebul. Da yawan waɗanda ake sayarwa a tebur na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Kusan kullum sai an kawo mini irin wannan a shago.

Ɗalibin Safiyo:

Yayana, abin da Mai Gyara ya faɗa haka yake. Ni maganar farin allon zan taɓa, don ita ce za ta fi ba ku wahala a daji.

Waɗannan na'urori ana loda musu taswirar yankin da aka sayar da su. Taka daga Ingila ta fito, taswirar Turai ce a cikinta, Kebbi kuwa ba ta san komai ba sai ɗan abin da ke taswirar duniya ta gama-gari. Maganinsa taswirar OpenStreetMap, kyauta ce. A shafin BBBike za ka iya yanko iya yankin da kake so, ka tabbata Birnin Kebbi da Argungu suna ciki, ka zaɓi tsarin Garmin. Za su ba ka fayil ɗin zip, in ka buɗe shi za ka ga fayil mai ƙarewa da img. Ka sake masa suna, ko kebbi.img ka sa, ka ajiye cikin foldar Garmin ɗin kanta. Kada ka goge ko ka danne wani fayil da ka tarar a wurin. Edge 530 tana da wurin ajiya na giga 16, kuma yanki kamar wannan ba shi da nauyi. Daga nan ka shiga saitin taswira ka kunna sabuwar.

Amma fa ka sani, OpenStreetMap mutane ne masu sa kai suke zana ta. Kwaltar Birnin Kebbi zuwa Argungu tana ciki, manyan titunan gari suna ciki. Turbar da manoma ke bi tsakanin gonakin shinkafa, da burtalin shanu, galibi babu wanda ya zana su. Nan ne rikici yake tasowa. In na'urar ta ga layinka ya bi inda a wurinta babu hanya, za ta yi ta ƙoƙarin mayar da kai kwalta, tana ƙara tana ce maka juya. Saboda haka abu biyu. Wajen sauke fayil, in an ba ka zaɓi tsakanin track da route, ɗauki track. Shi ɗigo-ɗigo ne masu yawa jere da juna, yana riƙe layin yadda ka zana shi. Route kuwa 'yan tashoshi ne kawai, na'urar ce ke cike tsakaninsu da taswirarta, kuma ka ji halin taswirar. Sannan cikin saitin Routing ka kashe sake lissafin hanya. Gargaɗin kauce wa hanya kuma ka bar shi a kunne, shi ne zai yi ƙara in kun bar layi.

Ka duba tsawon da na'urar ta nuna ka gwada da na kwamfuta. In sun yi nisa da juna, wani abu ya canza wajen shigarwa.

Bakabe:

Ɗana, yaran ga sun yi maka bayanin na'ura, ni ban kai su sani ba. Amma fadamar Zauro nan anka haife ni, kuma har yau da keke nike zuwa gona. Tambayata guda: layin da ka zana, da mi ka zana shi? In hoton tauraron ɗan'adam ka duba, to hoton ga ba ka san watan da anka ɗauke shi ba, balle shekara. Fadama ba ta zama wuri guda. Inda munka bi da rani, bayan damina kana iske tabki ko laka har gwiwa. Ambaliyar 2020 kaɗai ta sauya hanyoyi da dama, wasu ba su komo ba. Masu noman rani kuma kowace shekara suna yanka sabuwar hanyar ruwa, su ta da kunya inda da mutane ka wucewa. Akwai wurin da sai an yi maka fito da jirgi, kai da kekenka.

Shawarata, kada ka kai abokanka kan layin da ba a taka ba. Ka samu ɗan kabu-kabu na Ambursa ko Zauro wanda ke kai mutane ƙauyukan ga kullum. Ka hau bayansa da na'urar a hannu tana ɗauka, ya bi da kai inda aka bi yanzu. Abin da ta ɗauko shi za ku bi. Ka ce masa hanyar keke kake so, don babur yana ratsa yashin da kai sai ka sauka ka tura.

Ku tahi da faci da famfo da tib na ajiya, tsidau ya yi yawa gefen gonaki bayan girbi. Kuma duk ƙauyen da kunka shiga ku tsaya ku gaida mutane, ku tambayi lahiyar gaba kahin ku wuce. Ku tashi bayan asuba, kada la'asar ta riske ku cikin fadama.

Ɗan Gesse:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da fayil ɗin NewFiles kuma ga hanyar ta fito, layi mai ruwan hoda a kan allo. Taswirar sai dare in an kawo wuta zan sauke. Baba, ka yi gaskiya, hoton tauraron na bi, kuma daga Zauro zuwa gaba ban taɓa takawa ba. Zan nemi ɗan kabu-kabun ranar Asabar in Allah ya yarda. To in na ɗauko tafiyar, yaya zan mayar da ita hanyar da za a bi, kuma in ba abokaina? Biyu daga cikinsu waya kawai gare su.

Ɗalibin Safiyo:

A kan na'urar ma ana yi. In ka ajiye tafiyar, shiga Courses, ka zaɓi Create New, za ta jero maka tafiye-tafiyenka na baya, ka ɗauki ta ranar. Amma gara ka yi a Garmin Connect ta kwamfuta, don a can za ka iya yanke inda kuka yi kwana ko kuka ratse shan mai, sannan ka fitar da GPX ka tura musu. Masu waya su sa manhajar taswira ta OsmAnd, su sauke taswirar Najeriya tun a gida, tana buɗe GPX ba tare da data ba.

Kada ka fara ɗauka daga ƙofar gidanku, tunda fayil ɗin zai yi yawo hannu zuwa hannu kuma ɗigon farko yana nuna daidai inda aka kunna. Ka bari sai ka fita babban titi. In kuma na'urarka tana haɗe da Strava, manhajar da masu keke ke gwada gudunsu da na juna, ka tsayar da turawar ranar, in ba haka ba gudun babur zai shiga lissafin masu keke.