Neman shawara: yaya ake gane zubin sabbin 'yan wasan jami'a ya yi kyau?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a wata jami'a a nan Amurka, kuma tun zuwana abokan karatu suka ja ni kallon ƙwallon nan tasu ta ɗauka ka ruga (American football), har ta shiga raina. Dokokin wasa na gane su daidai gwargwado. Abin da ya sha mini kai shi ne ɗaukar sabbin yara daga sakandare. Makon jiya ƙungiyarmu ta kammala sa hannu da zubin bana, sai gari ya rabu biyu. Wasu na murna wai mun haura sama a jerin 247Sports fiye da bara, wasu kuma na cewa koci ya tara yuyuyu ne kawai, babu ko ɗaya mai taurari biyar. Ni dai sai gyaɗa kai nake yi kamar ƙadangare. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar, me ake dubawa?

Baban Yasir: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da sanin abin da lambar take aunawa. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN suna bin yaran sakandare, su kalli bidiyon wasansu, su gan su a sansanonin gwaji, sannan su ba su taurari. Masu biyar ba su da yawa, 247Sports kan tsaya a kan 32 a duk faɗin ƙasar, daidai da yawan waɗanda ake zaɓa a zagayen farko na ɗaukar sabbin 'yan wasa a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka. Masu huɗu ɗaruruwa ne, masu uku kuwa ba a magana. To shi jerin ƙungiyoyi maki yake tarawa, kuma yawan mutane yana ƙara maki. Wanda ya kwashi yara 28 yana iya zama saman wanda ya ɗauki 18, alhali na ƙasan ya fi shi zaɓe. Saboda haka ka nemi wurin da aka rubuta matsakaicin makin kowane yaro, ka duba wannan tukuna. Sannan kada ka gwada kanku da duk Amurka. Gwada da ƙungiyoyin rukuninku, waɗanda za ku yi karo da su kowace Asabar. Na 20 a ƙasa yana iya zama kusan na kashin baya a cikin SEC, rukunin manyan jami'o'in kudu maso gabas.

Mai Goro: Ni fa taurarin nan ban ɗauke su bakin komai ba. J.J. Watt taurari biyu aka ba shi. Josh Allen ya gama sakandare babu babbar jami'ar da ta kula shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin Wyoming ta ɗauke shi. Baker Mayfield ba da tallafin karatu ya fara ba, ya zo ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2017, aka zaɓe shi na ɗaya a NFL a 2018. Ina masu taurarin suke a lokacin?

Baban Yasir: Malam Mai Goro, ka ƙirga mana uku, kuma gaskiya ka faɗa. Amma daga cikin dubu nawa ka tsamo su? Masu taurari biyu da uku suna da yawan da dole a samu gwanaye a cikinsu. Ana maganar kashi ne. Wani ɗan jarida, Bud Elliott, yana da ma'aunin da ya shahara: a duba zubi huɗu na baya, a ga ko fiye da rabin yaran masu taurari huɗu ne ko biyar. Duk ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa daga 2014 zuwa 2024 ta cika wannan sharaɗi. Jami'ar TCU ta kai wasan ƙarshe na kakar 2022 ba tare da irin wannan tarin ba, Jojiya ta lallasa ta 65 da 7. Kuma kafin ka ce mini kwatabak (mai jefa ƙwallo, jagoran kai hari) ɗin Jojiya na ranar, Stetson Bennett, shi ma ba da tallafi ya shigo ba, ka duba irin ƙartin da suka kewaye shi.

Maman Hanan: Ku duka biyu kuna magana kamar yaran za su zauna. Ni a Teksas nake, a gabanmu aka yi na jami'ar Texas A&M. Zubinsu na 2022 shi ne na ɗaya a ƙasa, masu taurari biyar har takwas, aka yi ta cewa ba a taɓa ganin irinsa ba. A kakar nan wasa 5 suka ci, aka cinye su 7. Nuwamban 2023 aka sallami koci Jimbo Fisher, da kuɗin sallama sama da dala miliyan 75. Yaran kuwa? Walter Nolen ya koma Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon, daga baya kwatabak Conner Weigman ya dawo nan Houston. Wato an yi noma, wani ya girbe.

Dalili shi ne tsarin ya canza gaba ɗaya. Tun 2018 aka buɗe rajistar masu son sauya makaranta, a 2021 aka daina tilasta wa wanda ya sauya ya zauna shekara guda bai buga ba, kuma a Yulin 2021 ɗin aka halatta musu karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Daga 2025 ma jami'o'in da kansu suke biya, har wajen dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko, a raba wa wasanninta. Yaron da bai samu fili ba a shekarar farko, ko wani ya taya shi da tsada, sai ya kama gabansa. Don haka ɗana, in kana son sanin kocinku, ɗauko jerin waɗanda ya ɗauka shekara uku da suka wuce, ka ƙirga nawa ne har yanzu suke sanye da rigarku, nawa ne suke fara wasa. Wannan lissafin da hannunka za ka yi shi, minti goma ya isa.

Ɗan Gusau: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na duba, matsakaicin namu bai motsa ba daga na bara, yawan yaran ne ya ƙaru. Amma na lura da yawansu masu tsayawa a layin gaba ne, manya-manya. Abokaina ba sa ma ambatonsu.

Tsohon Koci: Ai ba za su ambace su ba, don ba su ne ke fitowa a gajerun bidiyo ba. Ni ƙwallon ƙafa tamu na koyar a gida kafin in zo, amma wannan ɓangaren na bi shi sosai. Tambayar ita ce: su wa za su bar ku bayan kaka mai zuwa? In masu kare kwatabak ɗinku uku suna shekarar ƙarshe, to koci ya san abin da yake yi. Mai gudu da ƙwallo ko mai cafewa yana iya haskawa tun yana sabon shiga. Ɗan layi kuwa yakan zo da jikin yaro, sai ya yi shekara ɗaya ko biyu yana ɗaga ƙarfe yana cin abinci kafin ya iya tare ɗan shekara 22, kuma su ne suka fi wuyar samu a kasuwar masu sauya sheƙa. Wani abu kuma, duba su wa suka nemi yaron. Mai taurari uku da Alabama da Ohio State suka gayyata ziyara ya fi mini mai huɗu da babu wanda ya yi takara a kansa, domin kocin da ya yi kuskure aikinsa ne a bakin ƙofa.

Mai Goro: To kun ga, ashe dai kun dawo maganata ta bayan gida.

Maman Hanan: Ba mu dawo ba. Ɗan Gusau, kun ce sun sa hannu ko? Tabbatar da wannan ma, don alkawarin baki ba ya ɗaure kowa. Travis Hunter ya daɗe da yi wa Florida State alkawari, ranar sa hannu a Disambar 2021 ya juya ya bi koci Deion Sanders zuwa Jackson State.

Ɗan Gusau: Duk sun sa, saura mutum biyu da aka ce sai Fabrairu. Yau da dare zan zauna da jerin shekara uku da suka wuce, in na gama ƙirga zan turo muku abin da na samu.