Jan gefen hanci da gira mai saɓa: in bar kirim ɗin kemis in koma haɗin gargajiya?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan gefen hancina, girata da bayan kunnena suna yin ja, suna fitar da farin gari kamar amosani. Akwai kirim ɗin kemis da nake shafawa, kwana uku ya lafa, in na bari mako guda ya dawo har da raɗaɗi. Na gwada man kwakwa, sai ya ƙara tayar min da shi. Yanzu wata mai gyaran jiki ta ce in kawo dubu 35 ta ba ni haɗinta, sabulu da mai da dilka. In saya, ko in ci gaba da kirim ɗin? Bikin ƙanwata saura sati shida.

Hajiya Mai Humra: Wa alaikumus salam. 'Yata, nemi man kwakwa mai kyau, cokali biyu, ki zuba rabin ƙaramin cokali na kurkum, ki shafa da dare. Da safe ki wanke da sabulun salo.

Ɗan Kemis: Hajiya, a yi haƙuri, ai ta ce man kwakwan ne ya tayar mata. Kuma da dalili. Wannan ciwon ɗan uwan amosanin kai ne, wani naman gwari ne da ke zaune a fatar kowa, abincinsa maiƙo. Man kwakwa, man zaitun, har man kaɗe, duk tuwo ne a wurinsa. Shi ya sa yake kama inda maiƙo ya fi yawa: gefen hanci, gira, bayan kunne. Uwar Biyu, juya bayan kwalin kirim ɗinki ki karanta. In kin ga clobetasol ko betamethasone, to sitiroyid ne mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi da jan fata, ba a yi shi don a daɗe ana shafawa a fuska ba.

Uwar Biyu: Na duba. Betamethasone, da wasu sunaye biyu.

Anti Mai Gyaran Amare: Inna lillahi. Irin wannan mai haɗin magani ukun ne ya lalata fuskar wata amarya da aka kawo min gyara bara. Shekara ɗaya da rabi tana shafawa, daga baya ta koma wani man roba marar suna da aka ce mata tsantsar ganye ne. Da ta zauna a gabana, fatar kumatun ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi, ƙuraje ƙanana sun zagaye baki, ga gashi ya fara fitowa a gefen fuska. Dangin suka matsa sai an yi mata dilka. Aka ƙi yi a wurina, suka kai ta wani waje, aka goge da dilka da lemon tsami. Washegari fuskar ta kumbura tana tsattsafo ruwa, ranar kamu sai da aka lulluɓe ta. Inda ya warke ya bar baƙin tabo, wata takwas bai gama bajewa ba. Kuma sai uwar ta riƙa yawo tana cewa sammu ne. Wane sammu? Fatar da ta riga ta yi rauni aka kankare, aka zuba mata tsami.

Baban Sadik: Mu dai maza sabulun wanki ɗaya ne, da shi kai, da shi fuska, da shi babur, kuma lafiya lau.

Anti Mai Gyaran Amare: Ai fuskar taku ma babur ɗin ce, Malam. Ban gama ba: wanda ya sayar mata da man robar har yau yana nan yana talla.

Sista Nas: Mu koma kan mai tambaya. Kar ki sayi haɗin, dilka gogewa ce, fata mai ja ba ta son gogewa. Sabulun salo kuma da toka ake yinsa, kaifinsa ya kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH, fatar fuska tana wajen 5.5. A hunturu sai ya tsattsage ki. In abin gida kike so, zuma ce aka gwada aka ga amfaninta: cokali tara na zuma tsantsa, cokali ɗaya na ruwan ɗumi, ki murza a hankali minti biyu zuwa uku, ki bar ta awa uku, ki ɗauraye da ruwan ɗumi. Yau ki yi, gobe ki huta, har sati huɗu, sannan sau ɗaya a mako. Ki fara gwadawa a cikin damtse, ki jira kwana biyu. 

Ɗan Kemis: Zumar ba laifi, amma ita kaɗai ba ta isa a sati shida ba. Ta haɗa da shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100, ta wanke kai da shi, ta shafa kumfar a gira da gefen hanci, minti uku zuwa biyar, sau biyu a mako. In ba a taɓa amosanin kai ba, daga can zai sake gangarowa. Kirim ɗin kuma in ta yanke shi yau, ta shirya wa sati biyu ko fiye na ja da zafi. Gara likitan fata ya sauko da ita a hankali zuwa mai sauƙi.

Hajiya Mai Humra: An zo wurin. Ita gargajiya ta tambaya, kai kana tura ta shagonka. Kakanninmu da man kaɗe suka tsufa, wa ya ga suna saɓa?

Ɗan Kemis: Hajiya, kakanninmu ba su shekara biyu suna shafa betamethasone ba. Ga busasshiyar fata da kaushi, man kaɗe ba shi da na biyu. Wannan ciwon ne dai ba nasa ba.

Uwar Biyu: To zumar nawa ake sayarwa yanzu?

Maman Ilham: Kwalbar lita dubu 7 a Kasuwar Kurmi.

Sista Nas: Dubu 7? Wannan sukari ne aka dafa. Ta Mambila mai kyau ba ta kasa dubu 15.

Maman Ilham: An gwada ta da ashana, ta kama wuta.

Baban Sadik: Fetur ma yana kama wuta.

Ɗan Kemis: Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa kauri kawai suke nunawa, sukarin da aka dafa ya yi kauri duk zai haye. Ki nemi mai saƙarta a ciki a matse a gabanki, ko ki saya hannun mai ɗaura amya.

Anti Mai Gyaran Amare: Saƙar ma yanzu tsoma ta suke yi a jarkar sukari don ido. Haka man kaɗe, a narka a zuba man gyaɗa ko kitse, a ce daga Bida aka kawo. Na gaskiya yana da ɗan warin hayaƙi, yana narkewa a tafin hannu.

Hajiya Mai Humra: Man habbatus sauda fa? Rabin kwalbar man girki ne. Wa ke duba masu ɗura waɗannan kayan a roba ba lamba ba kwanan wata?

Maman Ilham: Ni yanzu ku faɗa min, jarkar zumar da ke ɗakina in mayar wa wanda ya sayar min ko in sha da koko?