Shin ƙwayar kwalara tana iyo da zuba dafi a lokaci guda ne?

Ɗalibar jinya, Nima:
Assalamu alaikum. Tun annobar kwalarar 2014, wadda ta fi tsanani a nan Accra, wannan cuta take tsaya mini a rai. An koya mana cewa ƙwayar Vibrio cholerae tana da jela guda da take iyo da ita, tana kuma da dafin da ke haddasa gudawa. Shin ayyukan biyu tare suke tafiya, ko kowanne da lokacinsa?

Malamin kimiyya, Kumasi:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kowanne da lokacinsa, domin ƙwayar tana gane inda take ne daga sinadaran da ke kewaye da ita. Idan ta tsallake tsamin tumbi, wanda yake kashe mafi yawan ƙwayoyin, sai ta tarar da ruwan matsarmama a ƙaramin hanji. Kitsen da ke cikin ruwan nan yana danne wani furotin mai suna ToxT, wanda shi ne mabuɗin dafin, ita kuwa sai ta ƙara ƙaimi wajen iyo har ta ratsa yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji. A jikin bangon akwai bikabonet, dangin kanwa, shi ne yake tayar da ToxT, sai ta fitar da siraran zaruruwan da take haɗuwa da 'yan uwanta ta kafu da su, sannan dafi ya biyo baya. Da tun a tsakiyar hanji ta zuba shi, da ta yi asarar ƙarfinta a banza.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, unguwar Madina a Accra:
Malam, a ba ni dama in ƙara ƙarshen tafiyar, wanda ni ya fi ba ni mamaki. Ƙwayoyin suna sakin wasu sinadarai da suke auna yawansu da su. Da zarar sun cika wuri, wani furotin nasu mai suna HapR yakan rufe dafin, ya sa su narkar da yauƙin da ke riƙe da su, su biyo gudawar nan mai kama da ruwan wankin shinkafa zuwa kwata, musamman da damina.

Ɗalibar jinya, Nima:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Ashe shi ya sa ake fara ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari kafin komai, tunda dafin da ya riga ya shiga bangon hanji zai ci gaba da tatsar ruwa ko da ƙwayar ta kama hanyar fita.